Raƙuman Iska da Guguwar Ƙuryar Arewa a Lokacin Sanyi



A tsakiyar lokacin sanyi rana ba ta fitowa a ƙuryar arewa ta duniya. Saboda haka iskar da ke can sama, tsakanin kilomita 10 da 50 daga doron ƙasa, takan yi sanyi ƙwarai. Sa'an nan wata gawurtacciyar guguwa takan kafu, tana kewaya ƙuryar daga yamma zuwa gabas, ta tsare sanyin a cikinta kamar yadda ganuwa ke tsare gari.

Abin da ke rushe wannan ganuwa kuwa daga ƙasa yake tasowa. Idan iska ta ci karo da manyan duwatsu irin su Himalaya da Roki, ko ta ƙetare daga teku mai ɗumi zuwa tudu mai sanyi, sai ta riƙa lanƙwashewa, ta yi raƙuma masu tsawon dubban kilomita. Masani Carl-Gustaf Rossby ne ya bayyana su a 1939. A 1961 Charney da Drazin suka nuna cewa raƙuman ba su iya hawa can sama sai iska tana busowa daga yamma, watau a lokacin sanyi, kuma mafiya tsawo kaɗai ke kaiwa.

In sun kai da ƙarfi sai su fashe, su rage wa guguwar gudu, har su juya ta ko su raba ta biyu. Iska ta gangara bisa ƙuryar ta matsu, zafinta ya ƙaru da kusan digiri 50 cikin 'yan kwanaki. Richard Scherhag ya fara gano haka a samaniyar Balin a 1952, Taroh Matsuno na Japan ya fayyace dalilinsa a 1971. A arewa abin yakan auku kamar sau shida cikin shekara goma. A kudu kuwa, inda teku ya fi yawa, raƙuman ba su da ƙarfi, sau ɗaya aka ga babbansa, a Satumba 2002.

Amfanin wannan sani a fili yake. Bayan rushewar guguwar, iskar ƙasa takan sauya hanya, sanyi ya kwararo kudu har tsawon makonni. A Fabrairu 2018 guguwar ta rabu biyu. Kafin watan ya ƙare ƙanƙara ta rufe hanyoyi a Ingila da wasu ƙasashen Turai. Ma'aikatar da ke lura da waɗannan raƙuma takan sami kamar mako biyu na yi wa jama'a gargaɗi, a tanadi makamashi da abinci tun sanyi bai iso ba.