Zanzaro Mai Farautar Gizo-gizo: Ina Iyakar Ƙasarsa?



Da daminar 2016 ina zaune a gindin Dutsen Kwatarkwashi, tsakanin Gusau da Tsafe, sai na ga wani baƙin ƙwaro mai siririn ƙugu yana jan gizo-gizon da ya fi shi girma, yana tafiya da baya, har ya shige rami da shi. Na tambayi manoma biyu sunansa. Ɗaya ya ce zanzaro ne, ɗayan ya ce rina ce. Wannan saɓani shi ya kawo ni gabanku yau.

Ba rina ba ce, domin ita cikin taro take zama. Zanzaron ɗaka kuwa gini yake yi da laka a jikin bango, ya cusa ƙananan gizo-gizo da yawa. Wannan na dawa bai san gini ba. Macen takan harbi gizo-gizo guda, ta sandarar da shi ba tare da ta kashe shi ba, ta saka ƙwai ɗaya a jikinsa, ta toshe ramin. In tsutsa ta fito sai ta ci shi da ransa.

Masana suna kiran danginsa Pompilidae, watau iri wajen 5,000 da suka bazu ko'ina ban da Antatika. Amma ƙattin cikinsu suna bin ƙasashe masu zafi ne, inda manyan gizo-gizo suke, kuma gida biyu suka fi shahara. Na farko Pepsis, wanda kan kai santimita 5, yana nahiyar Amurka kaɗai, daga ƙasar Amurka har Ajantina. A 1989 ma jihar Niyu Meksiko ta ɗauki ɗayansu ya zama ƙwaron jiha. Na biyu, Hemipepsis, shi ya game Afirka da Asiya da Ostareliya, har da Amurkan. Saboda haka ɗalibin da ya ga ƙato a Bunguɗu, ya buɗe littafin Amurkawa ya rubuta Pepsis, to ya yi kuskure tun daga layin farko.

Mu masu nazarin Hausa ma da namu laifin. Mun ari ƙugun zanzaro mun ba mai cusa riga cikin wando, amma mun bar manoma biyu suna gardamar sunan na dawa. 'Yan Tsafe da Bunguɗu da ke nan, ina roƙonku, in kun je hutu ku tambayi tsofaffin mafarauta yadda suke kiransa, ku rubuto mini da sunan ƙauyen da watan da aka gan shi.