Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai: Kada a Raina Jinin Dasashi



Shekara 5 ina ganin jini in na yi asuwaki, ina cewa ba komai. Ashe ciwon dasashi ne yake cin ƙashin da ke riƙe haƙora. Sai da turmin haƙorina ya fita na je asibiti. Likita ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, sannan ya dasa mini ƙusar titaniyam a muƙamuƙi, aikin da Farfesa Branemark ya fara a Suwidin a 1965. Wata 4 na jira ta kama ƙashi kafin a ɗora haƙori. Kuɗin kuwa, sai da na ci bashi.

Don Allah, wanda ya ga jini ya garzaya wurin likita.