Fitilar Rana a Tsohuwar Motar Gudu: Yadda Ake Sawa Ba Tare da an Kashe Batir ko an Jawo Haɗari Ba

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau maganar fitila za mu yi. Kun san waɗannan fararen fitilun da kuke gani a gaban sababbin motoci, suna ci da rana tsaka kamar an ja wa mota kwalli? Turawa suna taƙaita sunansu da DRL, mu kuma bari mu ce fitilar rana. Samari da yawa sun turo suna tambaya ko za a iya sa wa tsohuwar mota. Za a iya. Ni kaina na sa wa tawa, Honda Prelude ƙirar 1998, 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu. Sai dai sau biyu na yi aikin, don na farko ya kusa jawo min abin da ba zan manta ba.

Bari mu fara da ainihin aikin fitilar, don a nan ne yawancinmu muke kuskure. Fitilar rana an yi ta ne don wanda ke tahowa ya gan ka. Ba ta haska maka hanya, kuma ba a ƙera ta don haka ba. A ƙasashen arewacin Turai aka fara wannan al'ada, inda rana ke yin ƙasa-ƙasa, gari ya wuni da duhu-duhu lokacin sanyi. Suwidin ta wajabta tuƙi da fitila da rana tun 1977. Kanada ta wajabta wa duk sabuwar mota daga watan Disamba na 1989. Tarayyar Turai kuma ta ce daga Fabrairun 2011 duk sabon samfurin ƙaramar mota sai ya zo da fitilar rana tasa. Wannan fitilar ranar ta LED da ta burge mu, kamfanin Audi ne ya fara fito da ita a 2004 a kan A8.

Za ka ce to mu da muke da rana har ta yi yawa, ina ruwanmu? Ka tuna watan Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke sauka a hanyar Kano zuwa Zariya. Ka tuna ruwan Agusta. Motar gudu irin Prelude gajeriya ce, tsayinta daga ƙasa bai kai mita ɗaya da rabi ba. In kuma launinta toka ne ko azurfa, ta saje da kwalta da ƙura ke nan. Direban da zai wuce tirela a hanya mai hannu biyu leƙowa ɗaya yake yi ya yanke shawara. In bai gan ka a wannan leƙowar ba, ya fito. Wannan shi ne dalilin da ya sa na sa, kwalliyar kuma ta biyo baya.

To ga abin da ya same ni. Na sayo fitilun a kasuwa, na kai wa wani mai wayarin, ya ce minti ashirin. Ya jawo waya kai tsaye daga kan batir, ya sa min ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari, ya murɗe wayoyin da hannu ya naɗe da salatif. Babu fiyus. Ni kuma a lokacin ban san in tambaya ba.

Sati biyu bayan nan na ajiye motar a gareji ranar Juma'a da yamma, gabanta na kallon bango, na yi tafiya. Na manta makunnin. Litinin da safe na murɗa makulli, ko ƙwaƙ ba ta ce ba. Ku yi lissafin da ni. Fitilun biyu suna cin kamar wat 10. Ka raba 10 da bolt 12, ka samu kusan amfiya 0.8. Ka ninka da awa 60, ya kama 48. Batir ɗina kuwa mai 45 ne. Abin da ka raina, in ka bar shi kwana uku, ya shanye batir tas.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Na biyun ne ya tsorata ni. Ina dawowa daga Zariya dab da magariba, fitilun suna ɗan haska kwaltar da ke gabana, sai ƙwaƙwalwata ta ɗauka ai na kunna fitila. Ashe bayan motar duhu ne ɗumɗum. Fitilar rana gaba kawai take ci, jajayen fitilun baya ba sa kamawa sai ka murɗa makunnin fitila na ainihi. Na rage gudu saboda rami, sai na ji hon ɗin babbar mota da ƙarar birki kamar a cikin kunnena. Direban ya kauce ta gefena yana ɗaga min hannu yana faɗa, kuma gaskiyarsa ne. Wannan matsalar ba ni kaɗai ta taɓa samu ba. A Kanada ta yi yawa har suka sake doka, daga Satumban 2021 sabuwar mota dole ta zo da tsarin da zai hana direba yawo da dare bayansa a kashe.

Bayan nan na cire komai na sake daga farko. Ga yadda ya kamata, ko da kanka za ka yi ko za ka tsaya a kan mai wayarin.

Da farko duba ko motarka ta riga tana da ita. In daga Kanada aka shigo da ita kuma ƙirar 1990 zuwa sama ce, to da tsarin ta fito, wataƙila fiyus ne ya ƙone ko wani ya cire. Gyara wannan ya fi sauƙi a kan sabon aiki.

Sai zaɓen fitila. Fara za ka saya. Ka bar ja da shuɗi da masu walƙiya, don na motocin jami'an tsaro ne da na asibiti, kuma suna rikita mai tahowa. Ƙa'idar da Turai ke bi ta ce hasken kowace ɗaya ya kasance tsakanin kandela 400 zuwa 1,200. Ƙasa da haka rana za ta cinye shi, sama da haka ka shiga idon mutane. Masu inganci za ka ga an buga harafin E cikin da'ira da kuma RL a jikin gilashin. Waɗannan siraran masu gam a baya da ake sayarwa da arha, da dare suna da kyau a hoto, amma da azahar ka ja baya taku talatin ka duba, da ƙyar za ka gan su. Kuma zafin bamba da ruwan wanki suna ɓare su cikin 'yan watanni.

Wajen ɗaurawa ma akwai awo. Kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kuma tsakanin ta dama da ta hagu a samu aƙalla santimita 60, don mai hango ka ya gane mota ce, ya kuma ƙiyasta faɗinta. A motar gudu wannan santimita 25 ɗin yana da muhimmanci, saboda bambarta a ƙasa take, musamman in an ƙara sauke ta. Ka auna da tef kafin ka huda komai. Kada ka toshe ramin da iska ke shiga wa lagireto, injin gudu ba ya son zafi. Kuma kada ka manna ta jikin sigina, don farin hasken zai rufe ruwan ɗorawar, wanda ke gabanka ba zai san za ka juya ba.

Yanzu wayarin, inda aikin yake. Abu uku ake so: ta kama da kanta in an kunna mota, ta mutu da kanta in an kashe, ta kuma mutu in ka kunna fitilun dare. Rile ɗaya mai ƙafa biyar ya isa ya yi wannan. In ka juya shi za ka ga lambobi: 30, 85, 86, 87 da 87a.

Ka fara cire kan batir na nagatif. Sai ka nemo a akwatin fiyus layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli. Kada ka yi zato, ka gwada da mitar awon wuta kafin ka cire batir ɗin: makulli a kashe sifili, makulli a kunne wajen bolt 12. Daga nan ka ɗauko wuta, ka sa mata fiyus nata na amfiya 3 ko 5 kusa da inda ka ɗauko, ka kai ƙafa ta 30. Fitilun ranar su tafi ƙafa ta 87a. Ƙafa ta 85 ta tafi jikin ƙarfen mota, a wurin da ka kankare fenti da tsatsa. Ƙafa ta 86 kuma ka haɗa ta da wayar ƙananan fitilun gaba, waɗanda ke kamawa tare da na baya. Ta 87 a bar ta haka, a rufe ta. Ma'anar wannan ita ce, muddin ba ka kunna fitilun dare ba, wuta tana bi daga 30 zuwa 87a, fitilar rana tana ci. Kana murɗa makunnin fitila, rile ya ja, ya yanke ta.

Me ya sa na ce wayar ƙananan fitilu? Saboda wasu tsofaffin motocin Japan ta ɓangaren nagatif suke kunna manyan fitilunsu. In ka jona a can ba tare da gwaji ba, rile zai riƙa yin abin da ba ka gane ba.

Akwai kuma 'yan akwatunan da ke zuwa da wasu fitilun, masu jin ƙarfin batir. Batir a zaune yana kan 12.6, in inji ya tashi altaneta ya kai shi wajen 14, sai akwatin ya kunna. Suna da sauƙin haɗawa, amma a tsohuwar motar da altanetarta ta gaji, kana tsaye a go-sulo da AC a kunne, sai ka ga fitilar tana kamawa tana ɗaukewa. Shi ya sa na fi yarda da rile.

Wasu ƙananan abubuwa da ke hana gobara. Duk haɗi a yi shi da dalma ko a matse da maƙalar waya, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗawa da salatif ba ya jure zafin inji. Inda waya za ta ratsa ƙarfe, ta bi ta cikin roba, don girgiza tana sa ƙarfe ya yanke rigar waya a hankali. A ɗaure ta nesa da salansa da fanka da bel. Duk wayar da ka gani cikin riga ruwan ɗorawa da soket ruwan ɗorawa kusa da sitiyari, ta jakar iska ce, kada a taɓa ta ko da gwaji. Kuma ka tuna motar da ta haura shekara ashirin robar wayoyinta ta bushe, in ka lanƙwasa da ƙarfi sai ta tsage.

In an gama, kada ka biya kuɗi sai ka gwada a gaban mai aikin. Kunna mota, ta kama? Kunna ƙananan fitilu, ta mutu? Zagaya baya, jajayen suna ci? Kashe mota ka zare makulli, komai ya ɗauke? Sigina dama da hagu suna bugawa yadda suka saba? In ɗaya ya gaza, aiki bai ƙare ba.

Abu na ƙarshe, wanda rile ba zai yi maka ba. Da rana ta fara faɗuwa, ko hazo ya yi kauri, ko ruwa ya tsuge, ka murɗa makunnin fitila da hannunka. A irin motocinmu alamar tana gabanka: in agogon gudu bai haska ba, to bayanka ma a kashe yake. Ni yanzu da na ji kiran magariba a hanya, hannuna ya riga ya kai.

Wanda ya taɓa sa wa tasa, ya faɗa mana wace mota ce da inda ya ɗauko wuta, don wasu su amfana. Mako mai zuwa za mu yi maganar abin da ke sa sigina ta riƙa bugawa da sauri in an canza mata ƙwai zuwa LED. Allah ya kiyaye hanya, sai mun haɗu.