Tsofaffin Finafinan Ban Tsoro: Me Ke Jan Zukata Zuwa Gare Su?

 Maudu'inmu na yau shi ne finafinan firgici da zubar da jini da aka shirya a Amurka da Italiya tsakanin 1968 da 1985, waɗanda aka sabunta hotunansu, har ga su yau a wayoyin samarinmu. Wajibi ne mu fahimci abin da ke jawo mutane gare su kafin mu yi hukunci, domin likita ba ya ba da magani sai ya san cuta.

A 1968 Amurka ta ajiye tsohuwar dokar tace finafinai, ta koma tsarin rarraba su gwargwadon shekarun mai kallo. A shekarar ce George Romero ya fito da Night of the Living Dead, labarin matattu masu tashi suna cin naman rayayyu, da kuɗin da ba su kai dala 120,000 ba, ya kuwa samu miliyoyi. Nan 'yan kasuwa suka gane cewa tsoro haja ce mai arhar sari da tsadar sayarwa.

Dalili na farko shi ne tsoro a cikin aminci. Idan mutum ya firgita, zuciyarsa kan ƙara bugu, jikinsa ya yi shirin gudu, alhali hankalinsa ya san yana zaune lafiya a ɗakinsa. Da an wuce wurin sai ya ji sanyi, kamar wanda ya tsira daga halaka. Wannan sanyin ake saye, kuma kamar yaji ne a miya, wanda harshe ya saba da shi sai an ƙara masa.

Na biyu shi ne kama da gaskiya. Rashin kuɗi ya sa hotunan suka yi dishi-dishi, 'yan wasan kuma ba sanannu ba ne, sai mai kallo ya ɗauka abin ya faru. An tallata The Texas Chain Saw Massacre na 1974 a matsayin labarin gaskiya, alhali ƙagagge ne, illa 'yan abubuwa da aka aro daga ta'asar Ed Gein, wanda aka kama a 1957. Ga kuma yaƙin Biyetnam. Tom Savini, wanda ya ƙera raunukan ƙarya na Dawn of the Dead a 1978, ya yi aikin ɗaukar hoto a fagen wannan yaƙi, ya ga gawawwaki da idonsa.

Na uku shi ne ƙishirwar gaibu. The Exorcist na 1973 labarin yarinya ne da shaiɗani ya shiga jikinta, likitoci suka gaza, aka koma ga limaman coci. Mutane sun yi dogayen layuka cikin sanyi don su gan shi, wasu har suka suma. Al'ummar da aka ce ta gama da abin da ido ba ya gani, sai ga ta tana biyan kuɗi a tuna mata da shi. Fiɗira ba ta mutuwa, sai dai a shayar da ita gurɓataccen ruwa.

Na huɗu shi ne hani. Da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidajen Ingila, hukuma ta jera finafinai 72 a matsayin abin tuhuma, 39 daga ciki kotuna suka tabbatar da laifinsu, aka kuma kafa dokar bidiyo a 1984. Sai jerin ya zame wa matasa takardar cefane, suna bin sa ɗaya bayan ɗaya. Har yau da wannan tambarin ake tallata su.

To, mene ne farashin? Mu dubi Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, wanda aka ɗauka a dajin Amazon na Kolambiya, kotu ta ƙwace shi jim kaɗan bayan fitowarsa a Milan a 1980. Kisan mutanen da ke ciki wasa ne, amma dabbobin da gaske aka kashe su a gaban kyamara. Shari'armu ta hana azabtar da mai rai don nishaɗi, ta hana wulaƙanta gawa ko a fagen fama. Sa'annan an nuna mutanen dajin a matsayin masu cin naman mutane, irin hoton da 'yan mulkin mallaka suka daɗe suna zana mu da shi. Mace kuwa a yawancin waɗannan finafinai, a tsiraita ta ne sannan a yanka. Ido ƙofar zuciya ne, kuma zuciyar da ta saba kallon azaba tana cin gyaɗa, tausayinta na cikin haɗari.

Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai da su ɗauki darasi daga Ingila. Tsawa kaɗai talla ce. Mu zauna da yaranmu, mu nuna musu cewa jinin rini ne, "labarin gaskiyar" kuma dabarar ɗan kasuwa ce, domin wanda ya san asirin mai rufa-ido ya daina ba shi kuɗinsa. Mu karantar da su sahihin ilmi game da mutuwa da aljanu, kada su koye shi daga mai neman riba. Ku kuma samari, kowa ya tambayi kansa: bayan na kashe wayar, tausayina ya ƙaru ko ya ragu?

Allah Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu, Ya shiryi zuriyarmu.