Hoton Ƙwaƙwalwa da Haƙƙin Talaka a Dukiyar Zakka

 

Iyayenmu malamai, masu bayar da zakka, da shugabannin kwamitocin masallatai, Allah ya ƙara muku daraja. Wasunku sun tambaye mu: shin ya halatta a kashe zakka a kan hoton asibiti, alhali hoto ba magani ba ne?

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suna da wata riga ta kitse da likitoci ke kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Akwai cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta cinye wannan riga, ana kiranta MS. Ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, mata sun fi yawa. Ido ya dushe, ƙafa ta mutu, bayan makonni a samu sauƙi, sannan abin ya dawo. Wannan zuwa da komawar shi ke sa a ce iska ce ko sammu. Ba mu raina ruƙiyya ba, amma tabon da cutar ke bari a ƙwaƙwalwa, na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu ce ke nuna shi. Ba a warkar da cutar, sai dai in an gane ta da wuri akwai magungunan da ke rage mata gudu.

To, ku dubi matar manomi a Kutemeshi, gundumar Kuyello, wadda 'yan bindiga suka raba mijinta da gona da shanu. Na'urar tana manyan asibitoci irin na Shika ko na Malam Aminu Kano. Kafin ta kai can akwai kuɗin mota, da masauki, da ɗan rakiya.

Matsayarmu ita ce: gano cuta yanki ne na magani, kuma wannan baiwar Allah tana cikin faƙirai da miskinai da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Ana damƙa mata kuɗin a hannu su zama mallakinta, ita ta biya. Sayen motar ɗaukar marasa lafiya kuwa aikin waƙafi ne, kamar yadda Sarki Ƙalawun ya gina asibitinsa a Alƙahira a 1284 ya tsayar masa da waƙafi.

Roƙonmu ga kwamitoci: duk wanda likita ya rubuta wa wannan hoto ya kasa biya, ku aiko mana da takardar tare da shaidar limamin unguwarsa.