Jawabi ga Hakimai da Malaman Gundumomin Ƙasar Zuru a kan Gishirin Siriyam

Kowa ya san kanwa da sukari sun fi narkewa a ruwan zafi. To, akwai wani gishiri da ya saɓa wa wannan al'ada, ana kiransa salfet na siriyam. Fari ne, ba a cinsa. A ruwa mai sanyin maki 20, kimanin giram 10 nasa ke narkewa cikin giram 100 na ruwa, amma in ruwan ya kai zafin maki 60, abin da zai narke bai kai rabin haka ba, sauran sai ya kwanta a gindin kwano.

Siriyam kuwa ƙarfe ne da masana suka gano a Suwidin da Jamus cikin 1803. Shi ake gauraya da baƙin ƙarfe a yi ɗan dutsen nan na cikin laita mai tartsatsi. Ba a samunsa tsantsa. Yana cikin wani yashi mai nauyi, mai launin zuma, da ake kira monazait, wanda ya yi yawa a tarkacen haƙar kuza na ƙasar Jos. A ma'aikata akan dafa yashin da asid ɗin farar wuta, watau irin ruwan batir amma wanda ba a sirka ba, sa'an nan a jiƙa shi da ruwan sanyi. Dalilin sanyin shi ne halin nan da aka faɗa tun farko, don da ruwan zafi ne, da yawancin gishirin bai narke ba.

Abin da ya sa maganar ta shafi hakimai shi ne haƙar zinariya da ake yi a ƙasashen Zuru da Yawuri. Mai wankin zinariya kullum yakan bar yashi mai nauyi a ƙarshen aikinsa, ido kuwa ba ya iya tantance abin da ke ciki. Monazait yana ɗauke da toriyam, wanda ke fid da wani haske marar ganuwa mai cutar da jiki sannu a hankali. Ba a manta da abin da ya sami Anka da Bukkuyum cikin 2010 ba, inda dalma ta kashe yara fiye da 400 saboda niƙa dutsen zinariya a tsakar gida.

Saboda haka, in baƙo ya zo sayen yashi, lalle hakimi ya nemi ganin lasisinsa, domin dokar 2007 ta sa ma'adinai duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Malami ya rubuta sunansa da wurin haƙar, ya aika wa Majalisar Sarki. Dagatai su hana tara irin wannan yashi a ɗaki, su hana yin yaɓe da shi.