Ciwon da ke kashe tsutsar gona
(Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya)

Shugaban ƙungiya, dattawa, iyayenmu mata, ina neman izini in yi magana bisa tsutsa.

Kun san tsutsar masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, da ta tumatir, da ta wake. To, su ma suna da annobarsu. Ƙwayar cuta ce da masana ke kira birus, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido bai ganinta.

Ga yadda take bi. Tsutsa ta ci ganyen da ke da ƙwayar. Cikin kwanakin farko ba ka ganin komi. Daga baya sai ta rage ci, jikinta ya yi laushi, ta hau can ƙolin shuka ta mutu tana reto, kai ƙasa. Fatarta ta fashe, ruwa mai duhu ya zubo, cike da ƙwayoyi ba iyaka. Da yake a sama ta mutu, ruwan sama da raɓa sai su wanko shi bisa ganyen ƙasa, inda ƴan'uwanta ke kiwo. Ɗaya ta mutu, ta shayar da saura.

Akwai wasu hanyoyi. Tsuntsu ya ci mai ciwo, ya kai ƙwayar wata gona cikin kashinsa. Tsutsar masara kuwa, babba na cin ƙarama, ta ɗauka nan take. A ƙasa ƙwayar na iya daɗewa shekaru, amma bisa ganye rana ce abokiyar gabarta, cikin ƴan kwanaki take kashe ta. Rana kuwa, ai ba mu rasa ta ba a nan.

Kowace birus da irin tsutsarta. Ta wake ba ta taɓa ta masara. Ba ta cutar mutum, ko bisashe, ko zuma. Ta wake ɗin daga Taiwan aka kawo ta cibiyar IITA ta Kwatano, kuma ma'aikatan INRAN sun gwada ta a gonakin manoma nan Nijar.

Saboda haka, in kun tarar da tsutsa na reto a mace, kar ku yar. Ku tara su, ku murje cikin ruwa, ku tace da tsumma, ku yayyafa ma irin shukar da kuka same su, da marece, bayan rana ta yi sanyi. Manoman waken soya a Birazil sun yi haka tun shekarun 1980. Sai dai a yi haƙuri, ba ta kashewa rana ɗaya kamar maganin kanti, kuma ƙananan tsutsa ta fi kamawa. Ɗiyan lakwal na iya taya ku tarawa ranar da babu karatu.